Yadi biyu da rabi sau daya da rabi

Yaro na ga sakonka tun la'asar, ina kan keken dinki ne shi yasa ban amsa ba. Kace Alhajin nan na unguwar Aboabo da ya kawo dinkin Sallah, rigar dansa yadi 2½ ce, ni kuma nace maka tasa zata ci sau daya da rabi na ta yaron, ka buga ka samu 2¼, wai ko daidai ne. To kai ma duba mana, uba da tumbinsa ya ci yadi kasa da na dansa?

Nasan abin da kayi, ka buga 2 sau 1, ka buga rabi sau rabi ya baka kwata, ka hada. Ka zubar da rabin lissafin a hanya kenan, ina rabin biyu, ina rabin nan sau daya? Kar ka raba su. Mayar da komai rabi-rabi tukun. Yadi 2½ rabi biyar ne, 5/2, 1½ kuma rabi uku, 3/2, sai ka buga na sama da na sama 15, na kasa da na kasa 4, kwata goma sha biyar kenan, kwata hudu kuma yadi daya, kaga yadi 3 da kwata uku ya fito.

In baka yarda da biro ba dauko tef, ni ma dashi mastana ya koya min ba da allo ba. Yadi inci 36 ne, 2½ inci 90, rabinsa 45, hada 135. Cire yadi uku wato 108, saura 27, kuma 27 shine kwata uku. Daya ne.

Wani abu da ke rikita ku 'yan sukul, kun dauka duk inda akace sau to abu karuwa zaiyi. A'a. Rabi sau kwata uku, rabin kwata uku ake nufi, ninke kyallen biyu ka gani da idonka, inci 13½, 3/8 na yadi, raguwa yayi.

Gobe in zaka kasuwar Kejetia ta Kumasi kar mai shadda ya lallabe ka da yadi shida wai ai zai isa. 2½ da 3¾ shida da kwata ne, kwatan nan shine hannun rigar Alhaji. Ka yanko shida da rabi, kuma ka tsaya ya auna a gabanka.