Wanke hanci da ruwan gishiri bayan aikin ƙura: yadda ake yi da inda amfaninsa ya tsaya

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina aiki a wurin fasa dutse a Mpape, kusa da Abuja, a bakin inji nake wuni ina lodin tsakuwa. Kullum in na tashi aiki hancina a toshe yake, in na fyace sai majina ta fito da ƙura fari fat, da hunturu kuma har haɓo nake yi. Abokan aikina wasu madara suke sha, wasu Robb suke cusawa a hanci, ni kuma maganin ɗigawa nake saya a kemis. An ce mini a riƙa wanke hanci da ruwan gishiri. Da gaske yana fitar da ƙurar? Yaya ake yin sa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da aiki, Allah ya sa albarka a nema. Wanda ya ba ka wannan shawara bai yi kuskure ba. Wanke hanci da ruwan gishiri abu ne da likitocin kunne, hanci da maƙogwaro suke sa marasa lafiya su yi, kuma ga mai irin sana'arka yana rage toshewa da ƙaiƙayi sosai.

Cikin hanci akwai majina da ke kama ƙura, akwai kuma wasu siraran gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana suna tura majinar zuwa maƙogwaro mu haɗiye ba mu sani ba. In ƙura ta yi yawa, ga busasshiyar iskar hunturu da ke ɗebo tata ƙurar tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, sai majinar ta yi kauri ta daskare, gashin nan su kasa motsi, fatar ciki ta kumbura ta tsattsage. Toshewar da haɓon ke nan. Ruwan gishiri yana jiƙa abin da ya daskare, ya kwashe shi, gashin su koma bakin aiki.

Ruwan da za ka yi amfani da shi ya fi komai muhimmanci, don haka bari in tsaya a kansa. Dole ne a tafasa shi, ya yi aƙalla minti 1 yana tafarfasa, a rufe a bar shi ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi. Ko na famfo ne, ko na rijiya, ko fiya wata, duk a tafasa. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Naegleria fowleri da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi wanda ba a sa masa magani ba. In aka sha ta ba ta komai, amma in aka tura ta can saman hanci tana iya bin jijiyar jin ƙamshi ta kai ƙwaƙwalwa, kuma da wuya wanda ta kama ya tashi. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, sai dai ya faru: a 2011 mutum 2 sun mutu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan wanke hanci da ruwan famfo, kuma birnin Karachi na Pakistan ya sha fama da ita. Ruwan da ya kwanta a ramin da ake fasa dutse, wanda na san wasu ke wanke fuska da shi, kada ya kusanci hancinka.

Haɗin kuwa mai sauƙi ne. A rabin lita na tafasasshen ruwa, wato daidai cikin ledar fiya wata guda, zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ba mai tozo ba. Abin da ake nema shi ne gishirin ya zo kusa da na ruwan jiki, giram 9 a lita ɗaya. In ya yi yawa zai yi zafi, in kuma babu gishirin sam, shi ma zai yi raɗaɗi. In kana da bekin soda, ƙara rabin cokali, yana rage zafin. Kanwa ba ta maye gurbinsa, kada ka sa. Wanda ba ya son wahalar haɗawa yana iya sayen ruwan gishirin da ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti, amma ya duba ya ga an rubuta 0.9%, kada a ba shi mai sikari.

Ka nemi babban sirinji marar allura, ko robar matsawa da ake sayarwa don wannan aiki. Wanke hannu da sabulu. Sunkuya, ka ɗan karkata kai gefe, ka buɗe baki kana numfashi ta nan. Sa bakin sirinjin a ƙofar hancin da ke sama, ka nufi wajen ƙeya da shi, ba sama wajen ido ba, ka matsa a hankali. Ruwan zai zagaya ya fito ta ɗaya ƙofar, wani ya gangaro baki, sai ka tofar. Ka yi ta yi har ka ga ya fara fitowa garau, sannan ka juya ɗaya gefen. In ka gama, fyace a hankali, ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Fyacewa da ƙarfi tana tura ruwa cikin kunne, shi ne za ka ji kunnen ya yi dum. In babu sirinji, zuba ruwan a tafin hannu ka shaƙa kamar yadda kake yi a alwala, sai dai ba ya wankewa kamar na sirinji.

Sau ɗaya da zarar ka tashi aiki ya isa, ranar da ƙura ta yi tsanani ka ƙara da safe. Kada ka yi dab da kwanciya, domin sauran ruwa kan ci gaba da ɗiga. Da azumi ka bari sai bayan buɗa-baki. Ruwan da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo, sirinjin a wanke a shanya, kuma kada ku yi karɓa-karɓa da shi kai da abokan aiki. Ranar da kake haɓo, ko kunne na ciwo, ko hanci ya toshe gam ko iska ba ta wucewa, ka dakata.

Maganin ɗigawan da kake saya, in irin su Otrivin ne, ina jin shi ne rabin matsalarka yanzu. Yana tsuke jijiyoyin jini hanci ya buɗe nan take, amma in aka ɗore da shi, da ya sake sai kumburin ya dawo fiye da da, mutum ya koma bai iya barci sai ya ɗiga. Bai kamata ya wuce mako guda ba, likitoci da yawa ma kwana 3 suke cewa. Ka daina, ka yi haƙuri da 'yan kwanakin toshewa da za su biyo baya. Robb sanyi kawai yake sa ka ji, ba ya buɗe komai, kuma ba a yi shi don cikin hanci ba. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, hanyarta daban da ta huhu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna da wasiƙarka. Hanci zaure ne, kuma share zaure ba ya fitar da abin da ya riga ya shige uwar ɗaka. Ƙurar da kake gani a majina manya ce, ita hanci ke iya tarewa. Wadda ke illa ita ce 'yar mitsitsiya, wadda sai an jera kusan 30 kafin su kai kaurin gashin kai guda. Ita ba ta tsayawa a hanci, can ƙasan huhu take sauka, kuma ta dutse tana ɗauke da sinadarin silika. Silika yana sa huhu ya yi tabo ya ƙage, ciwon da ake kira silikosis. Yawanci sai bayan shekara 10 ko fiye yake bayyana, in ƙurar ta yi yawa kuma ya fi haka sauri. Ba shi da maganin warkewa, yana ci gaba ko an bar aikin, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Babu ruwan gishiri, babu sirace, babu jiƙon da ke isa can.

Saboda haka takunkumi ya zo gaban wanke hanci. Hankici, ƙyalle ko shuɗin takunkumin asibiti ba su tare irin wannan ƙura. Ka nemi takunkumin da ake kira N95, ka matse ƙarfen saman hanci, ka tabbata iska ba ta shiga ta gefe, ka canza shi in ya yi datti ko numfashi ya fara wuya. Gemu mai yawa yana hana shi kama fuska, gaskiyar da sai an faɗa, kuma mai gemu ya fi kowa buƙatar a rage ƙurar tun daga tushe. Ku haɗa kai ku nemi masu wurin su riƙa fesa ruwa a bakin inji da hanyar motoci, domin jiƙa dutse yana rage ƙura ƙwarai, kuma haƙƙinku ne a kansu. In da hali ka tsaya ta inda iska ke fitowa, ba inda take kai ƙurar ba. Kayan aiki a cire su a wurin aiki, kada a je gida a kakkaɓe su a gaban yara.

Ka je asibiti ba tare da jinkiri ba in tari ya kai mako 2, ko kana ganin jini a kaki, ko zufar dare da rama, ko haki a aikin da da ba ya sa ka haki. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware don haka a Najeriya. Haka nan in gefe ɗaya ne kullum ke toshewa yana jini, likitan hanci ya kamata ya leƙa. In ka je, kada ka ce mura kawai ke damunka. Faɗa wa likita cewa a wurin fasa dutse kake aiki, da yawan shekarun da ka yi, ka nemi a ɗauki hoton ƙirji. Allah ya ƙara lafiya.