Wane ma'aunin zafi ya dace da dahuwar leda?

Tambaya: Ina girkin biki da na suna a Kaduna. Yayana ya kawo mini injin nan na sous vide, wanda ake ɗaure nama a leda a tsoma shi cikin ruwan ɗumi na awanni. Injin yana nuna zafin ruwan a jikinsa. Dole ne sai na ƙara sayen ma'auni mai tsinke? Na ga masu araha da masu tsada, kuma duk lamba suke nunawa.

Amsa: Hajiya, ki saya, musamman tunda jama'a kike ciyarwa. Injin nan shi ke ɗumama ruwan, shi ke kuma ba da shaida a kan aikinsa, in ya kauce babu mai gaya miki. Ban da haka, zafin ruwa yake aunawa, ke kuwa tsakiyar nama ce damuwarki.

A tukunyar murhu kuskuren digiri uku ba ya komai, domin ruwan yana kusa da digiri 100 a ma'aunin Celsius. Wannan dahuwa kuwa a bakin gaɓa ake yinta. Tun da wani kuku mai suna Georges Pralus ya fara amfani da ita a gidan abinci na Troisgros da ke Roanne a Faransa a 1974, sirrinta bai wuce riƙe zafi a wuri ɗaya ba. Tsokar naman shanu mai jaja-jaja a ciki tana son digiri 54 zuwa 57, ƙirjin kaza 60 zuwa 65. Ma'aikatar noma ta Amurka ta sa 74 a matsayin zafin da ke kashe ƙwayoyin cutar kaza nan take. A 60 ma suna mutuwa, amma sai tsakiyar naman ta kai wannan zafin ta kuma zauna a kai kusan rabin awa. To in kin saita 60 alhali ruwan yana 57, lissafin lokacinki duk ya rushe, kuma ido ba zai nuna miki ba.

In kin ɗauki kwalin ma'aunin, kada ki ruɗu da cewa allon yana nuna 56.3. Nuna ɗigo daban, faɗin gaskiya daban. Ki nemi alamar ± da lambar da ke gabanta, ita ce iyakar kuskuren da kamfanin ya amince da shi. Yawancin masu araha ±1 ne ko fiye. Ki nemi ±0.5 ko ƙasa da haka. Wanda bai rubuta komai ba, ajiye shi ki wuce.

Ma'aunin Thermapen ONE, wanda kamfanin ETI ke ƙerawa a Worthing ta Ingila, ±0.3 ne, kuma cikin daƙiƙa ɗaya yake ba da lamba. Yana da kyau ƙwarai, yana da tsada. Sai dai wani kaso na kuɗinsa na saurin ne, kuma mai gashi a bakin wuta ya fi ki buƙatar sauri. Ruwan da ya zauna a zafi ɗaya ba inda zai je, ko kin jira daƙiƙa biyar babu asara. Ni dai in kuɗi ya takura, gara mai jinkiri da ke da ±0.5 da maɓallin gyara lamba a kan mai saurin da ba a san kuskurensa ba. Ki duba kuma ko an rubuta IP67, wato ko ya faɗa ruwa na ɗan lokaci zai rayu.

Ranar da kika kawo shi gida, ki cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara har baki, ki zuba ruwan sanyi ya cike ramukan kawai, kada ƙanƙarar ta yi iyo. Ki juya, ki bari minti ɗaya ko biyu, sannan ki soka tsinken a tsakiya kina motsa shi a hankali, ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba. Sifili ya kamata ki gani. In ya ci wannan, sai ki tsoma shi cikin ruwan injin ki gwada lambobin biyu.

Game da auna cikin naman yana leda, akwai siririn tsinke kamar allura mai haɗe da waya. Ana manna wani ɗan soso mai gam a jikin ledar a soka allurar ta cikinsa, don kada ruwa ya shiga. Wannan yana da amfani in kina dafa manyan tsoka masu kauri. Ki kula dai, mahaɗar tsinke da waya ita ke fara shan ruwa, kada ki nutsar da ita sai in an rubuta cewa tana jurewa.

Tambaya: Na sayi nawa a Jos, na tsoma a tafasasshen ruwa ya nuna 96. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Malam, kada ka yi saurin mayarwa, mai yiwuwa gaskiya ya gaya maka. A daidai bakin teku ne ruwa ke tafasa a 100. Duk hawan kusan mita 300 yana rage digiri ɗaya, Jos kuwa tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200, don haka 96 ɗin nan daidai take. Mutumin Kano zai ga 98 da ɗoriya. Shi ya sa na fi yarda da gwajin ƙanƙara, ita sifilinta ɗaya ne ko a ina kake. Yi shi tukuna kafin ka koma wa mai shago.

Tambaya: Ina da ma'aunin goshi da ya rage tun lokacin korona. Zai yi?

Amsa: Ba zai yi ba, ƙanwata. An yi shi ne don zafin jikin mutum, bai kai inda ake dahuwa ba. Ko irinsa na kicin da ake haskawa daga nesa, saman abu kawai yake gani.

Tambaya: Na bar nama cikin injin da dare, aka ɗauke wuta aka dawo da ita ina barci. Da safe na tarar ruwan da ɗumi. Da ina da ma'auni, zai taimaka?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mu a nan, inda wuta ba ta da alƙawari. Mai tsinken hannu ba zai taimaka ba, zafin lokacin da ka duba kawai yake faɗa. Abin da kake buƙata shi ne mai waya da ake bari cikin ruwan, mai aiki da batir, wanda ke ajiye mafi ƙarancin zafin da aka sauka da mafi yawa, zai fi kyau in yana da ƙararrawar da za ta tashe ka in ruwan ya sauka ƙasa da abin da ka saita. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a ruwan da ya huce zuwa ƙasa da 54, kuma wasunsu suna barin gubar da sake dafawa ba ta kashewa. Naman daren nan, tunda babu wanda ya san awa nawa ya yi a huce, zubar da shi za ka yi, ko da bai yi wari ba. Nan gaba ka rufe mazubin ruwan, ko ka yi dahuwar cikin kula mai riƙe zafi, ka kuma fara doguwar dahuwa da rana lokacin da idonka biyu.