Amsa ga Ɗana Sadiƙu kan kuɗin biki a ƙauyukan Toba Tek Sing

Ɗana Sadiƙu, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso ni. Ka ce abokin karatunka a Faisalabad ta ƙasar Pakistan ya gayyace ka ɗaurin auren yayansa a ƙauyensu da ke gundumar Toba Tek Sing, kuma ka ji ana rubuta duk abin da mutum ya bayar a littafi, har kana tambaya ko wannan ba ƙaranta ba ce, kuma nawa ya dace ka bayar. Na halarci irin wannan biki a wajejen Gojra, wani gari a gundumar, a 1984, lokacin da nake karatun aikin gona a can, shekara biyu da ɗaga garin Toba Tek Sing ya zama hedikwatar gunduma, don haka zan gaya maka abin da idona ya gani.

Sai ka fara sanin ƙasar kafin ka gane mutanenta. Yankin nan da fako ne, sai makiyaya, har Turawan mulkin mallaka suka jawo ruwan kogin Canab ta manyan magudanai a 1892, suka yanka filaye, suka kwaso manoma daga gabashin Fanjab. Shi ya sa ƙauyukan suke amsa lamba, a ce cak lamba kaza, a haɗa da sunan reshen magudanar da ke shayar da su, ko ta Jang ko ta Gugera. Shi kansa garin Toba Tek Sing, ana cewa sunan wani bawan Allah ne Basike, wato mabiyin addinin Sik, Tek Sing, wanda yake shayar da matafiya daga wani tafki, toba kuwa tafki ne da Fanjabanci. A 1947, da aka raba Indiya da Pakistan, Sikawa da Hindu suka ƙaura zuwa Indiya, Musulmi daga Jalandar da Hoshiyarfur na ɓangaren Indiya suka maye gidajensu. Har yau kowane manomi yana da sa'arsa ta ban ruwa a mako, gwargwadon faɗin gonarsa, abin da suke kira warabandi, kuma ko ƙarfe biyun dare ta faɗo sai ya tashi da fitila da shebur. Mutanen da suke raba ruwa da agogo ba za su ga aibi a rubuta gudummawa ba.

Kuɗin da ake rubutawa sunansa niyondra, kuma na 'yan dangi ne, wato biradari, da maƙwabtan da aka daɗe ana cuɗanya da su. Mai gida yana ajiye littafin shekara da shekaru, ranar da bikin wancan gida ya zo sai a buɗe a duba, a mayar da abin da suka kawo a ɗora wani abu a kai. Ƙarin nan shi ne gishirin al'adar, domin wanda ya mayar daidai wa daida kamar ya ce ne mun rabu, ba ni binka ba ka bina. Tambayi Gwaggonka yadda ƙawayen biki suke yi a nan gida, za ta gaya maka ba su taɓa mance abin da aka kawo musu ba, sai dai su a ka suke riƙewa.

Ni kaina na yi kuskure a nan. Na miƙa takardar rupi 100 sabuwa fil, ina ganin na fita kunya, sai dattijon da ke riƙe da littafin ya dube ni, ya laluba aljihunsa, ya ɗora rupi ɗaya a kai, sannan ya rubuta 101. Daga baya abokina ya ce mini cikakken adadi rufaffe ne, ɗayan nan ita ce ke barin ƙofa a buɗe.

Kai baƙo ne, ba ka cikin biradari, don haka niyondra ba ta hau kanka ba. Abin da ya dace da kai shi ne salami, kuɗin da ake danƙa wa ango hannu da hannu bayan an gaisa. Ka tambayi abokinka abin da sa'o'insa ɗalibai suke bayarwa, ka tsaya a nan, ka ƙara ɗayar. Kada ka ce za ka burge, domin idan suka rubuta, ka ɗora musu nauyin da ba su da ranar saukewa, tunda da wuya su zo naka bikin a Kano, kuma hakan yana ci musu rai ƙwarai.

Za a sauke ka a baitak, ɗakin baƙi maza mai ƙofa ta waje, kamar zaurenmu, kuma ba ka wuce nan sai an kira ka. Za a nuna maka carfai, gadon igiya da suke zama a kai. Wajen kai na manya ne, kai ka zauna wajen ƙafa, ko da sun ja hannunka, sai sun nace sau biyu ko uku. Wanzamin da za ka gani yana kai da kawo, shi ya raba goron gayyata, galibi kuma shi ke tsaye a kan manyan tukwanen shinkafa, ka gaishe shi da kyau. Idan aka kawo lassi, wato nonon ɓauna da aka kaɗa, ka sha ko kaɗan ne, domin mayar da ƙwarya a cike abin kunya ne gare su. Daren lalle akwai kiɗan ganga da rawa, idan ba ka so ka zauna gefe, ba mai tilasta ka, amma walima kada ka yarda ta wuce ka.

Tunda bikin a Disamba ne, ka tafi da bargo mai kauri, sanyinsu ya fi hunturunmu cizo, hazo kuma yakan tsayar da motoci har hantsi. Idan hanya ta bi da ku Kamaliya, ka sayo mini yadin saƙarsu na kaddar, fari ko ruwan ƙasa, zan ba mahaifinka kuɗin.

Kawunka.