Kafin ka sayi kik, a cire rilen nan a gwada

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don kamar labarina kake bayarwa. Ka ce Hayis ɗinka tsohuwa ce, in ka murɗa makulli fitilun dashbod su kawo amma sai ka ji ƙas sau ɗaya ko ma shiru, da safe ta tashi, in ta ɗau zafi ta ƙi, ka sa sabon batir bai hana ba, yanzu kuma rewaya ya ce ka kawo kuɗin kik, wato sitatar da ke juya inji ya tashi. Don Allah ka riƙe kuɗinka tukuna.

Abin da zan fara tambayarka, in an tura ta tana tashi? In tana tashi da turi, to mai yana zuwa, wuta tana zuwa fulogi, ka cire ranka daga famfon mai da ƙwaƙwalwar mota. Ciwon yana kan hanyar wutar da ke zuwa kik ko a kik ɗin kansa, kuma rilen sitata, wato ɗan makunnin da ke sakar wa kik wuta in an murɗa makulli, a tsakiyar hanyar nan yake zaune.

Tawa mai injin 2RZ ce, haka ta dinga yi min. Mutumin da na kai wa, Allah ya gani na yarda da shi, tare muke sallah, har gidansa na sani. Bai taɓa ɗora mitar auna wuta a jikin motar nan ba. Ya saurara kawai ya ce batir ne. Na saya. Ta sake, ya ce kik ne, na je Ƙofar Ruwa na ɗauko ɗan Beljiyam da kuɗin da na ranta, shi kuma ya riƙe tsohon nawa wai ya mutu. Daga baya yaronsa ne da bakinsa ya gaya min an ɗaura kik ɗin nan a wata mota, yana aiki lafiya lau. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ba kuɗin ne ya fi min ciwo ba, a'a, kallon idona da yake yi yana rantsuwa.

Ranar da ba zan manta ba, 'yan kai amarya na ɗauko, mata zalla da yara, ga kaya har saman mota. Muka tsaya sallar magariba bayan Kwanar Ɗangora, na kashe mota a gefen titi, ga ruwa an sha, ƙasa ta jiƙe. Na dawo na murɗa, ƙas. Na sake, ƙas. Wa zai tura mota da lodi a cikin taɓo? Ni da yaron mota muka yi iya yinmu, ko motsi ba ta yi ba. Duhu ya shiga, jarirai suna kuka, wata dattijuwa ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ka san motarka ba lafiya ka ɗauko mu?" Ban iya ce mata komai ba. Dangin ango suna ta kira, uwar amarya tana kira. Ƙarshe wata mota aka turo ta kwashe su, kuɗin shatar ma ban ga ko sisi ba, ni kuma a nan na kwana ina gadin mota, sauro yana cina.

Da na koma wajen mai gyaran nan nawa, ka san me ya yi? Ya yanke wayoyi a ƙarƙashin sitiyari, ya ja wata siririyar waya kai tsaye ya sa min maɓallin dannawa, ba fis ba komai. Ba a jima ba na ji ƙaurin roba ina tafe da fasinja, hayaƙi yana fitowa ta ƙasan dashbod. Don girman Allah kada ka bari kowa ya sa reza a wayarin motarka, kuma duk wanda ka ga yana naɗa zaren waya a gurbin fis, ka ɗauke motarka ka bar wajen.

Wani dattijon rewaya ne Allah ya haɗa ni da shi. Ya ce in murɗa, shi kuma ya ɗora yatsa a kan rilen. Yana ƙas, amma wuta ba ta fita. Da ya zare shi, ƙafa ɗaya ta yi baƙi, ramin da take shiga ya narke ya saki, ga tsatsa kore. Shi ya sa da sanyi take kamawa, in wajen ya yi zafi ta saki. Ya canza rilen, ya canza bakin wayar, shi ke nan. Kuɗin bai kai na cin abincin rana da yaran gareji ba.

Kai ma ka kasa kunne sosai, ƙarar ba iri ɗaya ba ce. In ƙas-ƙas-ƙas ce da sauri kuma fitilu suna dusashewa, wuta ce ba ta isa, ka duba kan batir da wayar at da ke kama jikin mota da inji, sabon batir ba ya amfani in kansa ya yi gishiri. A ɗora mita, cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6, in ana murɗawa kuma kada ya faɗi ƙasa da 9.6. In ƙas ɗin mai ƙarfi ce daga ƙarƙashin kujera inda inji yake, to rile ya ba da wuta, sai a duba silenoyid, wato makunnin maganaɗisu da ke jikin kik ɗin. Kik ɗin Denso jan ƙarfen da ke cikin silenoyid ne yake cinyewa, ana canza shi kaɗai, ba sai an sayi kik gaba ɗaya ba. In kuma ƙaramar ƙas ce daga wajen akwatin fis, nan ne nake zargin rile. Shiru ɗungurungum kuwa, yana iya zama fis, ko makullin kansa, ko ma rilen, in mai giyar otomatik ce ka gwada ta a N.

Gwajin da ya fi sauƙi, ka nemi wani rile a motar mai lamba ɗaya da ƙafafu iri ɗaya, ka musanya su ka murɗa. Amma iri ɗaya fa, kada ka cusa wanda ya shiga kawai. Yawancinsu akwai zane a jiki: 85 da 86 su ne ƙafafun naɗin wayar da ke jan maganaɗisu, 30 wutar batir ce, 87 ita ke fita. Wasu na Toyota 1 da 2 ne naɗin, 3 da 5 hanyar wuta. In aka auna naɗin da mita galibi yana tsakanin ohm 50 da 120. Ka sa ido a kan wannan, yin ƙas ba shaidar lafiya ba ce, nawa yana ƙas ɗinsa alhali bakin cikinsa ya ƙone. Dattijon nan ya haɗa 30 da 87 da guntuwar waya mai kauri kik ya juya nan take, amma in za a yi haka a tabbatar giya tana firi an ja birkin hannu, don motar za ta iya zabura ta take mutum. Kuma gwaji ne na daƙiƙa, ba a barin sa a haka.

Masu wankin mota ma ka ja musu kunne, su daina watsa ruwa a ƙasan dashbod da ƙarƙashin kujera, ni ina ganin daga nan tsatsar tawa ta samo asali. Ni yanzu rile biyu da fis suna cikin aljihun mota kullum, kuma in zan saya na fi son tsohon na asali da aka ciro daga wata mota a kan sabon nan mara nauyi da ake sayarwa a leda.

Ba ka faɗa mana ba ko taka mai fetur ce ko dizal. In mai injin dizal ce, 3L ko 5L, akwai kuma rilen hitar da ke ɗumama inji kafin ya tashi, amma shi kik zai juya ne mota ta ƙi kamawa, ba irin abin da ka kwatanta ba. Ka gwada turin da musanyar rilen gobe da safe, sannan ka sake gwadawa in ta yi zafi, ka dawo ka gaya mana daga ina ƙarar take fitowa. Allah ya rufa asiri, ya sa abin ya zo da sauƙi.