Tambaya da Amsa: Yarona na son auren ɗiyar baƙi don ta samu takardar zama ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni uwa ce, ina zaune Mabera cikin garin Sakkwato. Yaron wajena shekarunai 18, shina aji shida na sakandare. Ya ɗauki son duniya ya ɗora ma wata ɗiya mai shekara 16 da ke bayan layinmu. Uwayenta mutanen Nijar ne, daga wajen Tawa suka zo sama da shekara ashirin, uban ga-ruwa ne. Nan aka haife ta cikin gida, ba ta da takardar haihuwa, ba ta da NIN, su ma uwayen ba su da komi. Ɗiyar na da ƙoƙari amma an ce ba ta iya rubuta JAMB. Uban ya hana kowa zuwa zance don tsoron a san zamansu, shi ya sa yaran ke haɗuwa a ɓoye da hira ta waya. Yanzu yaron ya matsa a aura mashi ita, wai in ta zama matatai ta zama 'yar Najeriya. Wani kuma ya ce a ba shi kuɗi ya samo mata takardar ƙaramar hukuma. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mafita biyu aka kawo miki, auren gaggawa da takardar saye, kuma babu ɗaya a ciki da zai kai yarinyar nan inda ake so. Akwai tambayar da har yanzu ba wanda ya yi, alhali da ita ya kamata a fara: su wane ne kakanninta huɗu, kuma a ina aka haifi kowannensu?

Ga dalili. A Najeriya haihuwa a cikin ƙasa kaɗai ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa, ba kamar Amurka ba. Jini ake bi. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka haifa a Najeriya bayan 1 ga Oktoba 1960, matuƙar ɗaya daga iyayensa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan Najeriya ne, to shi ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Kaka ɗaya tak ta wadatar, ta wajen uwa ko ta wajen uba, mace ko namiji. Sashen ya ƙara da cewa wanda aka haifa a wajen Najeriya, in ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Ke nan da za a gano cewa mahaifiyar uwar yarinyar 'yar Gada ce ko Gwadabawa ko Tangaza da aka kai ta aure ƙetaren iyaka, to yarinyar 'yar Najeriya ce tun ranar da ta faɗo duniya, uwarta ma haka, duk da a Nijar aka haifi uwar. Ba alfarma za a roƙa musu ba, shaida kawai za a tattara.

Wannan ba abu ne mai wuyar samu a yankinmu ba. Iyakar nan Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta a yarjejeniyoyinsu tsakanin 1898 da 1906, ta ratsa tsakiyar Gobirawa da sauran dangin da ke zaune tun daga Sabon Birni har Gudu. Illela da Birnin Ƙonni kusan gari ɗaya ne a wajen kasuwa da auratayya. Gidaje da yawa da ke kiran kansu baƙi suna ɓuya, da za a bi salsalarsu, da an tarar da kaka 'yar wannan ɓangaren. Abin takaici ne mutum ya shekara ashirin yana sanɗa a ƙasar da doka ta ce tasa ce.

Sai dai ba za ki tunkari uban da tambayar takardu ba, domin da jin haka zai rufe ƙofa, wataƙila ma ya kwashe iyalinsa cikin dare. Ki fara zuwa wajen uwar, mace da mace, da 'yar tsarabarki, ki gaya mata gaskiya cewa yaranku na son juna kuma kin fi son abin ya fito fili. Binciken asali kuwa al'adarmu ce a duk maganar aure, ba wanda zai ga baƙonsa. A cikin hira za ki ji garin da aka haifi kowace kaka, sunan unguwa, da dangin da suka rage a raye.

In an dace akwai kaka 'yar Najeriya, sai a je garinta da wani dattijo daga dangin. Mai unguwa ya shaida, hakimi ya sa hannu, uban ƙasa ya ba da wasiƙa, sannan a nemi takardar shaidar ƙaramar hukumar da kakar ta fito, ba ta inda ake haya a cikin birni ba. A haɗa da rantsuwar kotu wadda ta jero sunan kaka, sunan 'yarta ko ɗanta, da sunan yarinyar, don a ga yadda jinin ya gangaro. Inda aka fi tuntuɓe shi ne rubutun suna: takarda ɗaya ta ce Abubakar, wata ta ce Bubakar, wata kuma a rubuta shi da salon Faransanci. A zaɓi rubutu ɗaya da ranar haihuwa ɗaya tun farko, a tsaya a kansu a kowace takarda.

Takardar haihuwa kuwa a nema mata ita yanzu, ko an samu kakar ko ba a samu ba. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke ba da ita, tana da ma'aikata a sakatariyar ƙananan hukumomi da manyan asibitoci, kuma dokar 1992 ta wajabta rajistar duk haihuwar da aka yi a Najeriya, ta ɗan ƙasa da ta baƙo. Haihuwar gida ba ta hanawa. Katin rigakafi, rajistar firamare, ko shaidar ungozoma da mai unguwa suna taimakawa wajen tabbatar da wuri da lokaci. Shekarunta 16, lokaci na ƙurewa: in ta cika 18 ba takardar haihuwa za a ba ta ba, sai takardar shaida bayan rantsuwar shekaru a kotu. A wajen cike fom a faɗi ƙasar iyaye yadda take. Takardar ba ta mayar da ita 'yar ƙasa, amma ita ce ke tabbatar da cewa a Sakkwato aka haife ta, kuma sashe na 25 a kan wannan ya dogara. A yi wa ƙannenta su ma a tafiya ɗaya. Su matsalarsu ta fi tata, domin yaron da bai kai 16 ba ana neman NIN na uwa ko uba ko mai riƙonsa kafin a yi masa nasa.

Da waɗannan a hannu sai a je ofishin NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN. Tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN, kuma bayanan da ke kan NIN ɗin su take ɗauka kai tsaye. Layin wayar da za a aika saƙon neman lambar rajista da shi ya zama wanda zai daɗe a hannunta, kada a yi da layin saurayi ko na mai shagon kwamfuta.

To in an bincika babu kaka ko ɗaya 'yar Najeriya fa? Sai a karɓi gaskiya: 'yar Nijar ce ta wajen iyayenta, kuma wannan ba laifi ba ne. Haɗarin da ya fi girma shi ne ta girma ba ta cikin rajistar kowace ƙasa. Uban ya koma garinsu ya karɓi takardar haihuwarsa, in ba a taɓa yi masa ba kotun can na ba da hukuncin da ke maye gurbinta, daga nan ya yi katin ɗan ƙasa da fasfo. Takardar haihuwar yarinyar ta nan sai a kai ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano ko babban da ke Abuja a shigar da ita. Bayan haka a nemi izinin zama wajen hukumar shige da fice. Yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta 1979 kwana 90 ta ba ɗan yankin ya zauna ba biza, abin da ya wuce haka sai da katin zama. Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, amma ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanen Nijar da barinsu su yi zirga-zirga da zama har sai an sanar da wani tsari. Tunda abu ne da zai iya canzawa, kada a yi jinkiri. Kuma kada uban ya shiga ofishin imigireshan shi kaɗai bayan shekara ashirin ba takarda. Ya fara ganin lauya, ko ofishin ba da agajin shari'a kyauta na gwamnatin tarayya, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, duka suna da ofis a Sakkwato. Baƙon da ya samu izinin zama, dokar NIMC ta ba da hanyar da shi ma zai yi rajistar NIN.

Takardar saye, Hajiya, ki rufe wannan ƙofar. NIN da zanen yatsu ake ɗaure shi, mutum ɗaya lamba ɗaya har mutuwa. In aka shigar da ita da uban ƙarya da garin ƙarya, ƙaryar za ta bi ta zuwa JAMB, banki, fasfo da neman aiki, kuma ba da bayanan ƙarya ga hukumar laifi ne a doka. Wanda ya sayar da takardar ya riƙe wuyan gidan ke nan, duk ranar da ya so kuɗi zai dawo. Mafi ciwo, in daga baya aka gano kakar gaskiya, takardar bogin ce za ta ɓata sahihiyar hujjar.

Yanzu maganar auren. Yaronki ya ji wani abu, amma rabi ya ji. Sashe na 26 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta rajista. Nema ne, ba ya faɗowa da ɗaurin aure. Ana bi ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida a Abuja, a kai takardar aure da shaidar cewa mijin ɗan ƙasa ne da takardun ita matar na ƙasarta ta asali, a binciki halinta, Shugaban Ƙasa ya amince, ta yi rantsuwar biyayya. Kin ga ko ta wannan hanyar sai ta mallaki takardun Nijar tukuna. Abu ne mai ɗaukar lokaci da kuɗi, JAMB ta bana da ta baɗi duk za su wuce. Iyayenta da ƙannenta kuma ba abin da auren zai ƙara musu a doka. Sannan dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ba ta amince da auren wanda bai kai 18 ba, don haka kada a yi zaton takardar auren 'yar 16 za ta wuce salin alin a ofishin tarayya.

A shari'ance ba abin da ya hana shi aurenta saboda ƙasarta. Malamanmu na Malikiyya addini da lafiya daga aibu suke dubawa wajen dacewar ma'aurata, ba fasfo ba, kuma ubanta shi ne waliyyinta ko yana da takarda ko ba shi da ita. Amma shari'ar nan ita ta ɗora wa miji ci da sha da sutura da muhalli. Ɗan aji shida ba shi da ko ɗaya, nauyin a kanki zai sauka. Akwai kuma abin da muke jin tsoro ƙwarai: macen da zamanta a ƙasa ya rataya a wuyan miji ba ta da bakin kai ƙara. Yau yana sonta kamar ransa. Ran da aka yi faɗa, kalma ɗaya ta "sai na kai ku imigireshan" ta isa ta sa ta haɗiye duka da yunwa. In takardarta ta fito ta hanyar kakarta ko ta iyayenta, za ta shiga gidanku da ƙafarta, ba a matsayin wadda aka yi wa alfarma ba. Ga kuma jikinta: ciki a wannan shekarun ya fi zuwa da jijjiga da doguwar naƙuda, ita ce kuma ke jawo yoyon fitsari.

Abin da ya fi gaggawa a wasiƙarki shi ne ɓoyon nan. Tsoron uban ya sa ya hana zance a zaure, hanin kuma ya tura yaran lungu da hirar dare a waya, inda ba idon kowa. Yarinyar gidan da ke tsoron hukuma ita ce ta fi sauƙin cuta, domin kowa ya san iyayenta ba za su je wajen 'yan sanda ba. Bayan kin gana da uwar, ki tura baffan yaron ko kawunsa ya gaida uban, ya nemi izinin zance kamar yadda ake yi wa kowane gida mai mutunci, ba tare da ambaton takarda ba. A sa ƙa'ida: sau ɗaya ko biyu a mako, a zaure ko ƙofar gida, tsakanin la'asar da magariba, ƙanenta na kusa. Ba kai kuɗin gaisuwa, ba sa rana, sai ta gama makaranta ta cika 18, shi kuma ya kama sana'ar da za ta riƙe gida.

Ki zauna da yaronki ke da shi, ba da faɗa ba, domin ƙwace waya da duka ba sa kashe so, wayar aboki kawai zai koma ara. Ki gaya masa abu uku a fili: kada ya nemi hotonta na tsiraici ko ya ajiye shi, kada ya keɓe da ita, kuma kada ya ba abokansa labarin cewa gidansu ba su da takarda, domin daga bakin aboki magana ke isa kunnen mai neman na goro. In yana son taimakonta da gaske, ga aiki: shi zai bi layin Hukumar Ƙidaya, shi zai raka dattijo garin kakar, shi zai tara kuɗin mota da na rantsuwar kotu.

In kuma kika fahimci an riga an yi ɓarna, ko wani na yi wa yarinyar barazana da sirrin gidansu, kada tsoron takarda ya hana a kai ta asibiti a ranar. Kati ake yanka a duba mara lafiya, ba fasfo ake tambaya ba. Daga nan a kira lauya kafin a je wajen 'yan sanda, ya raka su.