Tambaya da Amsa: Zan iya riƙe gida da cacar tseren dawaki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Maraɗi, ina da mata da 'ya'ya biyu. Na daɗe ina buga PMU, kullum ina bin tseren dawakin Faransa, har na san dawakin da mahayansu da masu horar da su. Kwanan baya na ci kuɗi masu kauri a Quinté, wasan da ake zaɓar dawaki biyar na farko. Kasuwar kayan waya da nake yi ta ja baya, shi ne nake tunanin in sayar da rumfar, in mai da kuɗin jari, wannan ya zama sana'ata. Na ji an ce a ƙasashen waje akwai waɗanda da shi suke ci, da shi suke sha. Me kake gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sayar da rumfarka. Hukuncin caca a addini ka san shi, yana nan a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma malamai sun fi ni iya bayaninsa. Ni lissafi ne fannina, ta nan zan amsa maka.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne da wa kake karawa. PMU, kamfanin cacar tseren dawaki da aka kafa a Faransa a 1930, wanda LONANI, hukumar caca ta ƙasa, ke sayar da tikitinsa a Nijar, yana tafiya ne a kan tsarin tara kuɗi wuri ɗaya. Duk wanda ya buga, kuɗinsa ya shiga asusu guda. Kamfani da gwamnati su fara cire rabonsu, abin da ya rage a raba wa waɗanda suka ci. Ko wane doki ya zo na ɗaya, kamfani bai yi asara ba. Kuɗin da ka ci a Quinté daga aljihun sauran 'yan wasa suka fito, irin waɗanda kuke tsayawa layi tare a bakin rumfar tikiti. Kamar adashi ne da uwar adashi ke kwashe kaso mai tsoka a kowane zubi, sannan ba a bin layi wajen kwasa.

A Faransa kanta, abin da ake cirewa ya kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, kuma a wasannin haɗa dawaki da yawa irin Quinté ya fi haka. Mu ɗauki kashi ɗaya cikin huɗun. Matsakaicin ɗan wasa ya zuba sefa 100,000, zai samu 75,000. Ya sake zuba su, su koma 56,250. Bayan zagaye na goma abin da ke hannunsa bai kai 6,000 ba. Ba a yi masa maguɗi ba, kuma ba rashin sa'a ba ne, haka tsarin yake. Don kawai ka mai da uwar kuɗinka, sai zaɓinka ya fi na jama'a inganci da kashi ɗaya cikin uku, yau da gobe, shekara da shekaru. Riba kuwa sai bayan nan.

Ka ce ka san dawaki, kuma ban musa ba. Matsalar ita ce abin da ka sani kowa ya sani. Takardar shirin tsere da kake nazari, da jerin lambobin da ke nuna matsayin da doki ya zo a tserensa na baya, da hasashen jaridun Paris, duk suna hannun dubban mutane a Yamai, Wagadugu, Abijan da Duwala. Idan doki ya yi fice, kowa ya taru a kansa, sai ladansa ya zama ɗan kaɗan. Dokin da aka fi sa wa rai yakan ci kusan tsere ɗaya ne cikin uku, kuma abin da yake biya ba ya cike gurbin sauran biyun. Ga kuma abubuwan da takarda ba ta faɗa: ruwan sama da ya jiƙa fili da safe, dokin da ya kwana bai ci abinci ba, mahayin da aka matse a kwana. A filin tseren Vincennes da ke Paris, inda dawaki ke jan ɗan keke mai ƙafa biyu, doka ita ce a yi sassarfa. Dokinka yana kan gaba, saura kaɗan ya kai, ya ruɗe ya ɓalle da sukuwa, nan take alƙalai su fitar da shi, tikitinka ya zama takardar banza.

Quinté da ya faranta maka rai, wanda aka fara a 1989, shi ne ya fi wuya. Idan dawaki 16 ne a tsere, hanyoyin jera biyar na farko bisa tsari sun kai 524,160. Ko ba a bi tsari ba, 4,368 ne. Tiercé ma, mai dawaki uku, 3,360 ne a jere. Sanin dawaki yana rage wannan adadi, gaskiya ne, amma ba ya rage shi har ya zama abin da magidanci zai dogara da shi ya yi cefane. Ci ɗaya mai kauri ba ya nuna gwaninta. Ka zauna ka haɗa duk abin da ka zuba tun ranar farko, 200 ɗin yau da 500 ɗin gobe, ka cire daga abin da ka ci. Yawancin mutane ranar cin kawai suke tunawa.

Waɗanda ka ji labarinsu kuwa akwai su, sai dai ka dubi yadda suke. Wanda ya fi suna shi ne Bill Benter, Ba'amurke da ya je Hong Kong a shekarun 1980 tare da Alan Woods ɗan Ostireliya. Ya zaɓi can ne don filayen tsere biyu ne kawai, Happy Valley da Sha Tin, dawakin nan dai su ne ke ta karawa da juna, ga kuɗi masu yawan gaske a asusu. Ya shafe shekaru yana gina manhajar kwamfuta mai auna abubuwa sama da ɗari a kan kowane doki, kuma da asara suka fara. Da abin ya kankama, ma'aikata ya ɗauka, kamfani ne sosai. Irin waɗannan ƙungiyoyi a yau suna zuba kuɗinsu ta kwamfuta a daƙiƙoƙin ƙarshe, bayan sun ga inda jama'a suka karkata, wasu wuraren har ragi ake yi musu saboda yawan abin da suke zubawa. Ribarsu daga kuɗin ƙananan 'yan wasa take fitowa.

Akwai wani abu da ya fi damuna a shirinka. Ko gwani na gaske, mai cin ɗaya cikin uku, idan kullum yake bugawa da wuya shekara ta ƙare bai yi faɗuwa goma a jere ba. Mai babban jari yana iya jurewa. Kai kuwa daga jarin nan za a sayi gero, a biya haya, a kai yaro asibiti. Ran da aka kwana biyar babu ci, ga maiɗaki tana jiran kuɗin cefane, za ka ninka zubi don ka farfaɗo, kuma ta wannan ƙofar ake shiga bashi. Masu tallar "tabbatattun lambobi" a WhatsApp ma a irin wannan lokaci suke samun mutum. Wanda ke da lambar da za ta ci ba zai sayar ba, domin duk wanda ya ƙaru a kanta yana rage masa nasa rabon.

Idan har zuciyarka ba ta gamsu ba, ka gwada kanka ba tare da ko dala ba. Ka sami littafi, wata uku kana rubuta zaɓinka kafin tsere da abin da da za ka zuba, bayan tsere ka rubuta abin da aka biya, ba tsallake rana, ba gyara. A ƙarshe ka haɗa. In kuma ka ga ba za ka iya kallon tsere ba sai ka sa kuɗi, ko ka fara ɓoye wa iyalinka abin da kake kashewa, to abin ya wuce sha'awar dawaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da caca cikin jerin cututtuka, kuma ana samun sauƙinsa. Ka faɗa wa yayanka ko wani babba da ka amince da shi, ka damƙa masa kuɗin da ka ci ɗin nan, ku je tare a saro wa rumfar kaya kafin su narke.