Shin Ƙarin Albashi Zai Jawo Mini Asara a Haraji?

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi mini ƙarin girma a kamfanin da nake aiki, kuma albashina zai kai naira miliyan 3.6 a shekara bayan an cire kuɗin fansho. Abokin aikina ya ce na shiga rukunin kashi 18 cikin ɗari, wai da wannan kason za a yanki albashin gaba ɗaya. Shin haka ne?
Daga wani mai karatu a Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ina taya ka murna, kuma ka kwantar da hankalinka, domin abokin naka ya fahimci maganar a baibai. Dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta raba kuɗin shigar mutum hawa-hawa, kuma kowane hawa da kason da ya hau kansa shi kaɗai.

Mu ɗauki alƙalami. Naira 800,000 ta farko ba a taɓa ta. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire mata kashi 15, wato naira 330,000. Abin da ya haura miliyan 3, wanda a wajenka naira 600,000 ce kacal, shi ne kashi 18 ɗin ya shafa, wato naira 108,000. Jimilla naira 438,000 ke nan a shekara, ko 36,500 a wata. Ka ga ke nan a kowace naira ɗari da ta haura miliyan 3, tamanin da biyu naka ne.

Inda na fi so ka sa ido shi ne rangwamen kuɗin haya, wanda sau da yawa yake wuce ma'aikata saboda ba su nema ba. Idan gidan haya kake, doka ta yarda a cire kashi 20 na hayar da kake biya a shekara, har zuwa naira 500,000, kafin a fara lissafin haraji. Saboda haka ka karɓi rasit daga mai gida, ko da kuwa ɗan'uwanka ne, ka kai wa akantan kamfaninku. Haka ma kuɗin inshorar lafiya da na asusun gidaje na ƙasa ana cire su tukuna.

Tunda a Kano kake zaune, hukumar tattara haraji ta jihar Kano ce ke da wannan kuɗi, kuma wajibi ne kamfani ya miƙa mata abin da ya yanka zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Ka riƙa duba takardar albashinka duk wata, ka kuma nemi shaidar cewa kuɗin ya isa da sunanka.